Jakar da Ta Dawo Gida

"Wayyo Allah! Kai, wannan jaka ta haɗu!"

Auta ce ta faɗa, tana juya jakar a hannu kamar an miƙa mata jariri. Falon a cike yake. Ga saurayinta, wanda kowa ke kira Matafiyi saboda rabin rayuwarsa a jirgi yake yin ta, yana saro kaya daga ƙetare. Ga mahaifiyarsa, wadda yau ta fara taka gidan don ta ga yarinyar da ɗanta ya nace wa. Ga kuma 'yar kawunsa a gefe, ta harɗe ƙafa tana wani murmushi da ba na Allah ba.

"Ta yi miki, Zinariyata?" in ji shi a hankali.

"Ta yi min? Dubi fatar nan! Dubi ɗinkin! Ai da gani ka san ba hannun mutanenmu ba ne. Mu nan me muka iya? Sai kwaɓa da ha'inci..."

Daidai nan Umma ta shigo da tiren shayi. Ta ji. Wallahi ta ji, don sai da kofunan suka ɗan yi ƙara. Ta dubi jakar sau ɗaya, ta ajiye tiren, ta ce, "Allah ya sa albarka," ta koma kujerar bakin ƙofa ta zauna.

To, bari in gaya muku abin da baƙin ba su sani ba. A bayan gidan akwai wani ɗan ɗaki mai warin fata da gam. Tun rasuwar mijinta, a nan Umma take duƙe kan keke tana ɗinka jakunkuna, wani kamfani yana karɓa yana lodawa zuwa ƙetare. Da wannan keken aka ci, aka sha, aka yi wa Auta karatu. Amma 'yar banzar yarinyar nan, tunda ta fara soyayya da ɗan masu hali, sai ta ce masa Umma ba ta aikin komai, abin da Baba ya bari suke ci. Duk ranar da zai zo sai ta garƙame ɗakin da kwaɗo, ta feshe gidan da turare. Jakar Umma kuwa ko a mafarki ba ta ratayawa. Wai kayan gida ne!

Ta zuge zif ɗin, ta shafa tambarin ƙasar waje da ke manne a ciki, ta zura hannu a ƙaramin aljihu.

Yatsanta ya taɓa wani ƙulli.

Ta leƙa. Koren zare ne, a can kusurwa inda ba mai gani.

Tana ƙarama, tana zaune a gindin keke, ita ce ta taɓa miƙa zaren ta ce, "Umma, sa kore, ya fi kyau." Tun daga ranar babu jakar da ta fita daga ɗakin nan ba tare da wannan ƙullin ba. Ashe jakar tafiya ta yi, aka manna mata sunan wasu, aka jera ta a bayan gilashi, ta hau jirgi ta dawo gida.

"Lafiya, amarya? Na ga kin yi shiru," in ji 'yar kawun. Ta juya wurin gwaggonta. "Ni fa na kwatanta masa shagon da zai saya a can. Kin san a kamfanin da ke fitar da su nake aiki." Sai ta ƙura wa Umma ido, ta dafe ƙirji. "La! Mama, ba ke ce ke kawo mana jakunkuna a buhu ba? Ko idona ne?"

Makira! Ta daɗe tana son Matafiyi, yau ta samu inda za ta soka.

Umma ta dubi 'yarta. Sai ta janyo mayafi ta rufe hannayenta masu kanta, ta yi murmushi.

"Kama ce, 'yar nan. Ni ban san wani kamfani ba."

Inna lillahi! Da ƙasa za ta tsage, da Auta ta shige. Matar da ba ta taɓa jin ƙarya a bakinta ba, yau ta yi ta a gaban baƙi, ta ƙaryata guminta, don kawai a rufa wa 'yarta asiri.

"Ita ce..."

"Auta, yi shiru," in ji Umma.

"Ita ce! Ummata ce ta ɗinka ta! Ni ce maƙaryaciya, ni na ɓoye ta, har kwaɗo nake sa wa ɗakin ɗinkinta!"

Ta zube a ƙasa tana kuka. Mahaifiyar Matafiyi ta miƙe, ta gyara gyalenta.

"Sana'a ba abin kunya ba ce, yarinya. Ni da kike gani, a kan tebur na fara sayar da kaya, rana tana dukana. Amma wadda ta sa wa uwarta kwaɗo, ni da na tsufa ina za ta kulle ni? Kai kuma, tashi mu tafi!"

"Masoyi... don Allah..."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Kallonta kawai ya yi ya ce, "Wane irin mutum kika ɗauke ni?" Ya bi bayan mahaifiyarsa.

Kwanaki suka shuɗe, waya shiru. Umma ba ta ce mata ko uffan kan maganar ba, wannan kuwa ya fi mari ciwo. Ran nan da hantsi Auta ta ji ƙarar keke, ta taka a hankali har ƙofar ɗakin da ta shekara ba ta shiga ba. Ta cire kwaɗon daga marataya, ta jefa shi a kwandon shara, ta durƙusa.

"Umma, ki yafe min..."

"Matso ki riƙe min nan, idona ba ya ganin ramin allura."

Haka ta zauna a gindin keke, tana zura zare, hawaye na ɗiga kan fata. A haka Matafiyi ya same ta, gam a yatsu, ɗankwali a karkace, babu ko ɗigon turare. Ta yunƙura za ta gudu.

"Ina za ki? Yau ne na fara ganinki."

"Kada ka kalle ni, kunyarka nake ji."

"Ji ta da kyau, Zinariyata, kin ci bashinta." Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida Umma. "Umma, na zaga ƙasashe ina neman abin da ya fi kyau in kawo mata. Mai shagon har da hana ni taɓawa sai na goge hannu! Ashe da na zagayo bayan gida, da na huta da kuɗin jirgi."

Umma ta yi dariya har da share ido. "Miƙo min jakar. Maɗaurin nan a gaggauce na yi shi, tun ranar yake damuna."

Sannan ya gaya wa Auta saƙon mahaifiyarsa. Ba ta huce duka ba. Ta ce in da gaske yarinyar take, to ta zo ta same ta a shagonta na yadi da rana tsaka, lokacin da ya cika da mata, kuma ta zo da uwarta.

Ta je. Hannunta cikin na Umma, jakar a kafaɗa. 'Yar kawun tana wurin, ta kau da kai. Wata mai sayen yadi ta taɓo jakar.

"Kai, baiwar Allah, wannan ta wace ƙasa ce?"

Auta ta ji idon surukarta a kanta. Sai ta ɗaga hannun Umma sama, da kantarsa da komai, yadda kowa zai gani.

"Ta je ƙetare ta dawo. Amma a ɗakin bayanmu aka yi ta, ga wadda ta ɗinka. Ummata ce."

Mahaifiyar Matafiyi ta ture yadin da ke kan kujerar kusa da ita.

"Ku ba surukata wuri ta zauna," ta ce, tana nuna Umma. "Muna da rana da za mu sa."