Daren da Kawu Tanimu Ya Ɗaure Mai Gadi

Ku matso nan. Kai Nafi'u, kashe tocilar nan, ka ishe ni da haske ido. Ku kuka nace sai na ba ku labari, to duk wanda ya jiƙa shimfiɗa yau babu ruwana. Kowa ya yi bismillah a ransa, don masu labarin ba su da nisa.

Kun dai san Kawu Tanimu, ƙanin babana, yayan babanku. Tun ba a haife ku ba ya taɓa samun aiki a wani kamfanin man gyaɗa can bayan Sharaɗa. Aikin gwaji ne. Aka ce in ya yi kyau a riƙe shi, in bai yi ba ya kama gabansa. Ga shi ya daɗe yana zaman kashe wando, ga matarsa Inna Larai da tsohon ciki.

Aikinsa ɗura mai ne. Akwai ƙaton tanki a binne a ƙasa, akwai famfo mai jan man daga ciki yana tura shi ta tiyo zuwa cikin motar tanka. Famfon nan ba da wuta yake aiki ba, da iska yake yi. Injin iska na can gefe yana hura masa. In yana jan mai, tafiyarsa a natse take, tif, tif, tif. In kuwa ya zuƙi abin da ba mai ba, sai ya ji ba nauyi ya kama gudu kamar mahaukaci, har ya ci kansa. Shi ya sa aka ɗaura masa wani ɗan bawul mai jan maɓalli a bakin hanyar iskar. Ma'aikata suna ce masa mai gadi. Da famfo ya soma wannan gudun, sai ka ji ƙyas, ya datse iska, komai ya tsaya.

Tayar da shi kuma da ƙa'ida. Ka rufe babban bawul, ka saki ragowar iskar, ka nemo abin da ya sa ya tsaya. Sai ka danna jan maɓallin, ka buɗe iska a hankali. Ranar farko Malam Jibo, foman ɗinsu, ya koya masa duk wannan, ya ƙara da cewa, "Mai gadi ba ya ƙarya, Tanimu. In ya ce a'a, nemi dalili."

Zulai, in za ki yi barci tashi ki tafi. Ba zan yi ta zuba ina kallon hammarki ba.

To, a daren da nake ba ku labari, abokin aikinsa ya aiko wai zazzaɓi ya kama shi. Ɗan banza, biki ya tafi. Direban tanka ya ajiye mota ya shige gari. Malam Jibo ya tsaya a bakin ƙofa da makullin babur a hannu.

"Tankar nan da asuba za ta tashi," in ji shi. "In na zo ban same ta cike ba, kada ka jira in yi magana. Ajiye musu kayansu ka tafi."

"In Allah ya yarda za ta cika, Malam."

Ya tafi. Aka bar Kawu shi kaɗai da ƙwan fitila ɗaya.

Ya buɗe iska. Tif, tif, tif. Ya samu galan ya zauna. Ko gyara zama bai gama ba, famfo ya ɗauki gudu. Ƙyas. Shiru.

Kawu ya tashi. Ya rufe bawul, ya saki iska. Ya zura sanda a tanki, ta fito jagab da mai. Ya bi tiyo da hannu daga farko har ƙarshe, babu huda. Ya ƙara ɗaure bakin da sifana. Ya danna maɓalli, ya buɗe iska.

Tif, tif, tif. Gudu. Ƙyas.

Ya ja tsaki. Ya sake bin komai. Ya sake tayarwa. Ƙyas.

Haka fa aka yi ta yi. Dare yana tafiya, tanka ko kwata ba ta kai ba. Ya hau ya leƙa, ya sauko. Gumi ya jiƙa masa riga. Haushi kamar ya kashe shi. Wallahi ni kaina in na tuna sai raina ya ɓaci, mutum ya yi komai daidai amma ƙarfe ya ƙi shi. Har magana ya riƙa yi wa abin.

"Me na yi maka? Ga mai nan cike. Me kake gani da ni ban gani ba? So kake a kore ni?"

Ya kai masa shuri, ya ji wa ɗan yatsansa ciwo. Ya zauna dirshan a ƙasa ya riƙe kai. Larai kawai yake tunawa, da yadda zai shiga gida ya ce mata an sallame shi.

"Sannu da aiki."

Ba sallama. Ba ƙarar ƙofa. Wani dattijo ne tsaye a bayan tanka, sanye da rigar aikin kamfanin, amma irin ta da, wadda ta koɗe. Muryarsa siririya, kamar taya na sacewa. Kuma sai ya rufe baki kafin maganar ta gama fita.

Kawu ya ce, "Yauwa, Baba. A nan kake aiki?"

"Na riga kowa zuwa."

"Ban taɓa ganinka ba."

"Ni ina ganinka." Ya nuna jan maɓallin da haɓa. "Ya hana ka?"

"Ya hana ni, Baba. Na rasa yadda zan yi."

"Ɗaure shi."

"Malam Jibo ya ce..."

"Jibo na gida yana barci. Kai za a kora."

Kun ji fa. Da ni ce, a nan zan tsaya in ƙare wa mutumin nan kallo daga sama har ƙasa. Amma Kawunku haushi ya rufe masa ido. Dattijon ya miƙo masa zaren robar taya, irin wanda ake ɗaure kaya a keke. Robar sanyi ƙalau. Kawu ya danne maɓallin, ya naɗe shi tam, ya ƙulle. Ya buɗe iska gaba ɗaya, ba ma a hankali ba.

Tif, tif, tif. Sai gudu. Wannan karon babu mai tsayar da shi.

Famfo ya kama rawa a kan ƙafafunsa. Ƙwan fitila ya dushe. Sai Kawu ya ga tiyon yana kumbura. Wani dunƙule ya taso daga tanki, ya bi cikin tiyo, ya faɗa tanka. Wani ya biyo. Wani ƙarami, wani babba. Tiyon yana motsi kamar maciji ya haɗiyi ƙwai.

Dattijon ya durƙusa kusa da tiyon yana shafa shi.

"A hankali," yake cewa. "Ku riƙe hannun ƙannenku. Ke, bar tsohuwa ta wuce."

Daga cikin tanka aka yi dariya. Dariyar yara, ƙasa-ƙasa.

Nafi'u, sake min zane! Za ka yaga min.

A nan ne Kawu ya kalli ƙasa. Daɓen wurin duk mai ne, ko ɓera ya wuce sai ya bar sawu. Daga bayan tanka har inda dattijon yake, babu sawu ko ɗaya. Ya kalli ƙafafun. Mutumin yana fuskantar tiyo, yatsun ƙafarsa suna fuskantar Kawu.

Kawu ya ja da baya.

"Baba... su wane ne?"

"Iyalina. An binne mana tanki a tsakar gida. Mun gaji, tashi za mu yi. Duk wanda ya kama hanya, wannan mai jan idon ya rufe masa ƙofa." Bai juyo ba. "Mai hankali ba ya buɗe mana. Sai da muka jira mai haushi."

Kawu ya ji ƙirjinsa ya ɗauki bugun famfon. Famfo na ƙara gudu, zuciyarsa na bin sa. Numfashi ya gagara. Ya yunƙura zai kai ga babban bawul, santsi ya kwashe shi. Ya ja ciki. Ya kama Ayatul Kursiyyu, ta kakare masa a tsakiya, ya koma farko. Da ƙyar hannunsa ya kai. Ya murɗe.

Shiru.

"Ka makara," in ji muryar, dab da kunnensa. "Saura ni kaɗai. Ni kuwa da ƙafa zan hau."

Kawu ya runtse ido. Ya ji ana warware robar daga jikin maɓallin.

"Ka yi mana aiki. Ba ma tafiya ba tukuici. Na ga kai ma gudu gare ka, ba ka da mai tsayar da kai."

Wani yatsa mai sanyi ya taɓa tsakiyar ƙirjinsa. Bai ƙara sanin inda kansa yake ba.

Malam Jibo ne ya tashe shi da asuba. Tanka cike har baki. Aka hau da ita sikeli, nauyi cif. Famfo lafiyarsa lau, ko ɗumi bai yi ba. Malam Jibo ya dafa kafaɗarsa yana washe baki.

"Kai namiji ne, Tanimu. Aiki ya zama naka."

Ina tankar ta kai su? Ke Zulai, ni na bi ta? Ki bari in ƙarasa mana.

Kawu bai ce wa kowa komai ba. Murna ta danne tsoro. Ya fito zai kai wa Larai albishir, ya hango bas za ta tashi, ya sheƙa da gudu. Bai kai titi ba ya ji ƙyas a ƙirjinsa.

Numfashi ya ɗauke. Ya zube a gaban mai shayi, ido a buɗe, yana ganin kowa, iska ta ƙi shiga. Ya danna ƙirjinsa da kansa, a banza. Ya kamo hannun mai shayin ya ɗora a wurin. Bawan Allah ya danna. Sai ga numfashi ya dawo a hankali.

Tun daga ranar haka yake. Ya yi sauri, ƙyas. Ransa ya ɓaci, ƙyas. An je asibiti, an je wajen malamai, kowa ya ce bai ga komai ba. Kuma hannunsa ba ya tayar da shi, sai hannun wani.

Aikin dare kuwa yakan bar mutum shi kaɗai. Ko mako bai cika ba, Kawu ya ninke rigar kamfanin da hannunsa ya kai wa Malam Jibo. Ba wanda ya kore shi. Malam Jibo har roƙonsa ya yi. Ya dawo gida ya zauna a gaban Larai, ya so ya yi kuka mai ƙarfi, ko wannan bai samu ba, don da ya soma shessheƙa sai da ta danna masa ƙirji.

Saboda haka ku ji ni da kyau. In kun girma aka ba ku aikin dare, abokin aiki bai zo ba, ku ma ku koma gida, ko me za a ce. In inji ya tsaya da kansa, kada ku ɗaure masa baki. Hanyar bayan Sharaɗa kuwa, ko da rana ban yarda ɗayanku ya bi ta shi kaɗai ba.

Ku tashi ku kwanta. Gobe in kun je gaishe da Kawu, wanda ya ba shi haushi ya tabbata yana kusa da shi.