Furannin da Ba Su Bushe Ba

"Ka taɓa tambayar lafiyata, Stamatis? Sau ɗaya?"

Ko jakata ban ajiye ba matata Fotini ta jefo mini wannan tambaya. Jirgin dakon kayan da nake wa aiki bai sake ni ba sai bayan ta yi arba'in da haihuwa, na dawo garinmu Volos da zumuɗin ganin 'yata, sai na tarar da matata ta rame kamar ba ita ba.

Na ce ai kullum ina ganin hotunanta a waya, tana murmushi, jaririya a ƙirji. Ko sau ɗaya ban fasa danna mata alamar zuciya ba.

Ta yi wata dariya mai ciwo.

Mamata ce ta tsaya kai da fata a kan al'ada: mai jego ba ta fita, baƙo ba ya shiga, sai an kai su coci an sa musu albarka. Kullum ta kawo miyar kaza, ta tofa wa jaririya saboda kambun baka, ta tafi abinta. Waya kaɗai aka bar wa Fotini. A ciki kuwa kowace uwa tas-tas, kowane jariri barci yake. Ita kuwa tata sai kuka, nono ya ƙi zuwa, har ta yarda ita ce uwar banza a duk duniya.

"Duba hotunan da kyau," ta ce.

Na duba. Rigar jaririya na canzawa, amma furannin da na aiko ranar haihuwa suna nan jajir a bayanta, daga hoton farko har na jiya. Na ɗaga kai, ga su a kan tebur sun bushe ƙayau.

"Rana ɗaya na samu ƙarfi, na ɗauki hotunan duka... Ina sakin ɗaya kullum, ina jiran ka lura."

Na kira ta hasken idona, na roƙe ta, na rantse na bar teku. Ta ce likita ya riga ya ba ta gado a asibiti, yayarta na jira a mota.

Ta ɗora mini jaririya a hannu ba tare da ta kalle ta ba.

"Riƙe kanta da kyau, masoyi. Ni ban iya ba."

Har motar ta sha kwana, Fotini ba ta waiwayo ba.