Mudu Ɗaya a Fadamar Doma

"Kin daka?"

"Na daka," in ji Rekiya. Ba ta sunkuyar da kai ba. "Mudu biyu. Ƙannena kwana biyu ba su sa komai a ciki ba."

"Iri ne, Rekiya! Aikin shekara huɗu kika zuba a turmi!"

"To, da ka ajiye a ofishinku."

Mahmuda ƙaramin malamin gona ne a gonar gwaji ta Lafia. Shekara huɗu yana aurar da jar shinkafar gargajiya, mai taurin kara, ga farar shinkafa mai yawan ƙwaya, yana zaɓen wadda tsutsa ba ta huda ba. Mudu uku ya samu. Ya ba ta ajiya, don ita kaɗai ya yarda da ita.

A fadamar ubanta ya fara ganinta, a 1954, shekarar da tsutsa ta cinye kara, zangarniya ta yi fari fat ba ƙwaya. Yana ɗaura tsumma a jikin 'yan tsiran da suka tsira, ta tsaya da tulu a ka, ta ce, "Sannu da aiki, malamin tsutsa." Tun daga nan ba shi da sukuni.

Uban, Ya'akubu, bai so shi ba. Mutumin da ke murmushi a gonar da ta mutu, in ji shi, ba suruki ba ne. Ga kuma Abdulsalami mai shago a Doma, shi ma yana neman ta, kullum da goro. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: irin ya tsaya a fadamarsa, ko Mahmuda ya nemi wata.

Mako uku bai taka Doma ba. Sai wasiƙar Rekiya ta zo da ajami, ta hannun direban lori:

"Mamu nawa, ban ce ban yi laifi ba. Amma ko gobe suka yi kuka zan sake dakawa. In kana so na a haka, mudu ɗaya na nan, na ɗaure a ƙarƙashin gadona. Ruwa ya sauka."

Ya karanta sau biyu. Ya hau keke.

Suka shuka tare. Da suka kai kunyar ƙarshe ya ce, "Na yi miki ihu, 'yar Baba."

"Ka yi. Ci gaba da aiki."

A watan tara tsutsa ta zo. Gonakin makwabta suka yi fari. Ta Mahmuda rabi ya faɗi, rabi ya tsaya, kai ya yi nauyi har ya rusuna.

Ya'akubu ya daɗe a bakin kunya. Ya murje zangarniya a tafin hannu, ya tauna.

"Rabi," ya ce. "Bara ko rabin ban gani ba. Turo manyanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Ba kiɗa sosai, garin ba abinci. Tsohon ya dafa kansu ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, aka shafa.

Kwana uku da tarewa, Mahmuda na zaune a tsakar gida yana tsaga karan da ya tsaya, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya saba. A na goma sha bakwai ya dakata. Tsutsa ce a ciki, 'yar ƙarama, da ranta, ta ci rabin gaɓa.

Rekiya ta ajiye tsintsiya, ta leƙo ta kafaɗarsa.

"Mamu, in baɗi ta koyi cin wannan ɗin ma fa?"