Amaryar da Ta Ƙi Ɗura

Tas! Marin ya sauka a kuncin Ruwaida tun kafin ta ajiye ƙwaryar.

"Awaki? Furar da surukanki sunka aiko tun daga Kebbe, ita kika ba awaki?"

Gwaggo Hinde ke nan, ƙanwar mahaifinta, wadda ta riƙe ta tun rasuwar uwarta. Hannun Gwaggo ya fi bakinta sauri, kuma bakin ma ba baya ba ne.

"Gwaggo, likita ta hana ni..."

"Likitar ta za ta aure ki? Saura sati ukku biki, dubi wuyanki sai ka ce na zabuwa!"

Ruwaida ta dafe kunci, hawaye na zuba. Malamar firamare ce a Tambuwal, ta taso da jiki tun tana ƙarama, kowa na yaba wa Gwaggo iya kiwo. Wata biyar da suka wuce ta yanke jiki ta faɗi a gaban allo. A asibiti aka ce jininta ya hau, suga kuma yana bakin ƙofa. Hawan jinin nan ne ya shanye wa mahaifiyarta ɓarin jiki, ya kai ta kushewa ba ta cika arba'in ba.

Ruwaida ta ji tsoro, tsoro na gaske.

Ta bar lemon kwalba da shayi mai suga. Malmalar tuwo uku ta koma ɗaya, ta cika kwanon da zogale da wake. Ta daina hawa kabu-kabu, da ƙafa take zuwa makaranta ta dawo, da yamma ta karɓi taɓarya ta daka geron gidan ita kaɗai. Kilo goma sha huɗu suka tafi, ciwon kai ya bi su.

To, ga inda gizo ke saƙar. A dangin Dalhatu, saurayinta, da zarar an sa rana sai a fara aiko wa amarya gero da nono da man shanu. In ta tare ba ta yi kumatu ba, an ci mutuncin gida biyu.

Da la'asar Dalhatu ya kira ta a waya.

"Ruwaidata, mi ya samu muryarki?"

"Ba komi..."

"Kin yi kuka. Rabin raina, kak ki ɓoye mani."

"Dalhatu, in na koma cin da suka so, mutuwa za ni yi. In na ƙi, za su raba mu. Ya za ni yi?"

Shi ma akwai abin da yake ɓoye mata. Batula, 'yar ƙanen mahaifinsa, wadda ta daɗe tana kallonsa kamar kaza ta ga tsaba, ta riga ta zagaye gidajen Kebbe tana cewa ramar Ruwaida ba ta Allah da Annabi ba ce, wata muguwar cuta ce take ɓoyewa.

"Ran Asabar za ni kawo Inna ta gan ki da idonta," ya ce. "Ki kwantar da hankalinki, masoyiyata."

Ranar Asabar da hantsi Inna Atu, mahaifiyar Dalhatu, ta shigo gidan, Batula na biye da ita ɗauke da ƙwaryar fura. Dalhatu ya tsaya a ƙofar gida saboda kunyar surukai.

Inna Atu ta ƙare wa Ruwaida kallo daga sama har ƙasa, ko gaisuwarta ba ta amsa ba.

"Ashe gaskiya anka gaya mani. Wagga ai ba ita munka gani bara ba."

Batula ta ajiye ƙwaryar, Inna Atu ta tura ta da ƙafa.

"In lafiyarki lau, shanye."

Ruwaida ta durƙusa ta buɗe faifan. Man shanu na yawo a kai, ga wani ɗaci-ɗaci na tashi.

"Inna, mi anka sa ciki?"

Batula ta taɓe baki. "Ƙwayar ƙiba ta, irin wadda aka ba ragon layya. Taimakonki munka yi."

"Wallahi ba ni sha!"

"To babu aure," in ji Inna Atu. "Ɗana ba ya kwasar mani cuta."

Kunya ta rufe Gwaggo Hinde, kunyar kuwa ta juye ta zama masifa. Ta ɗaura ɗankwali a ƙugu.

"Batula, kama mani ita! Ɗura za ni yi mata kamar jinjira!"

Suka yi mata caa. Batula ta murɗe mata hannuwa ta baya, Gwaggo ta danne mata ƙirji da gwiwa, ta toshe mata hanci, ta kafa mata ludayi a baki har leɓenta ya fashe. Fura ta bi ta maƙoshi da hanci. Ruwaida ta shaƙe, idanunta suka firfito, ta ga duhu.

Sun ɗauka duk wanda ya rame ya rasa ƙarfi. Sun manta wata biyar ke nan tana daka.

Fizga ɗaya ta yi, Gwaggo ta zauna daɓas a cikin furar. Ruwaida ta juya ta cakumi wuyan rigar Batula, ta ɗaga ta, ta maka ta da turmi.

"Wayyo bayana! Za ta kashe ni!"

Batula ta rarumo taɓarya. Dukan farko ya sami Ruwaida a goshi, jini ya ɓalle ya rufe mata ido. Ta sake ɗagawa da hannu biyu, wannan karon tsakiyar kai ta nufa.

Ƙas!

Ba kan Ruwaida ba ne. Dalhatu ne ya ji ihu, ya ajiye kunya a zaure ya faɗo gidan, ya tare da hannunsa. Hannun ya lanƙwashe ta inda babu gaɓa.



Ya durƙusa a gaban uwarsa yana haɗa gumi.

"Inna, takardar gwajin aure tana aljihuna, babu cutar da anka ƙaga mata. Ni na kwana biyu ƙofar asibiti randa ta faɗi. Ni na ji likita ta ce in ba ta rage jiki ba, za ta bi uwarta." Ya haɗiye kuka. "Amarya kika so in kawo maki, ko gawa mai kumatu?"

Inna Atu ta dubi hannun ɗanta. Ta dubi Ruwaida da ke rarrafowa wajensa cikin jini, tana kiran sunansa, ta mance da nata ciwon. Jikin tsohuwar ya yi sanyi.

Ta juya ta ɗauke Batula da mari har sau biyu.

"Fita! Maƙaryaciya, kak in ƙara ganin ƙafarki gidana!"

Sannan ta cire gyalenta, ta tsugunna, ta ɗaure wa Ruwaida goshi da hannunta.

"Hinde, tashi nemo mota. Ɗiyata za a fara sawa."

"Inna... ni fa?" in ji Dalhatu.

"Kai jira, hannu na kawai."

An ɗaura aure ranar da aka sa. Ango na rataye da hannu a wuya, amarya da ɗinki biyar a ƙarƙashin ɗankwali. Da 'yan rakiya suka watse, ya daɗe yana kallon tabon.

"Saboda ni kika samu wanga..."

"Kai ma saboda ni."

"Ruwaidata, gobe in kin tashi tafiyar safe ki tashe ni. Ƙafafuna dai ba su karye ba."

Ta rufe fuska da mayafi tana dariya, hawaye na bin kuncinta.