Hotunan da Elias Ya Aiko

"Ba haka ba ne, Baba! Don Allah ka saurare ni..."

Lucia na durƙushe a falonsu na unguwar Muchia a Zariya, hawaye shaɓe-shaɓe, hotunan saurayinta Elias baje a kan tebur. Shekara uku ke nan da ya ci bizar Amurka, kullum aure sai baɗi.

Happiness 'yar gwaggonta, wadda ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Elias, ta ɗaga hotunan ɗaya bayan ɗaya.

"Kawu, duba. Nan hasumiyar Faransa ce. Nan dalar Masar. Ga shi kuma a kwalekwale a Italiya! Ana nan ana jiransa, shi yana can yana yawon duniya."

Baba Mordecai, mahaifin Lucia, dattijon coci ne, ba ya magana biyu.

"Gobe a mayar wa iyayensa kayan aurensu."

Abin da Lucia ta daɗe tana ɓoyewa shi kaɗai zai wanke Elias, shi ne kuma zai iya kashe maganar.

"Baba, duk gari ɗaya ne. Las Vegas, cikin hamada. Otal-otal ne aka gina su haka... gidajen caca ne. Kwanuka yake wankewa a kicin."

"Caca?"

"Bai taɓa yi ba! Na rantse, Baba."

Tsohon ya sassauta murya.

"Wankin kwano ba abin kunya ba ne. Ya zo Kirsimeti, in ji daga bakinsa."

Washegari tana fitowa daga lacca a Samaru ta nufi yarinya mai wayar haya a ƙarƙashin lema, farin ciki kamar ta taka rawa.

"Masoyina! Baba ya yarda!"

"Lucy tawa... ɗan riƙe layin."

Wani kiɗa take ji a bayansa, da ƙarar kwabbai na zuba.

"Ina kake? Wannan ba kicin ba ne."

"Na bar kicin tun Ista. Injin cacar nan ya kusa zubowa, tun jiya nake kansa. Sau ɗaya tak, bebi, in zo in yi miki auren da Zariya ba ta taɓa gani ba!"

Ba haushi ne ya kama ta ba, kunyar Baba ce.

"Elias, rantsuwa na yi a kanka..."

Ta ji ya sake jefa kwabo.

"Me kika ce, bebi?"

Ta miƙa wa yarinyar wayar.

"Anti, bai fa kashe ba."

"Ki kashe."