Mai Tsara wa Mutane Baiti

Mahfuza na cikin soya albasa a ɗan kicin ɗinsu na unguwar Al Muraqqabat a Dubai, sai ga yayanta Ɗalhatu ya faɗo ko sallamar kirki babu, ya dangwara mata waya a gaba.

"Karanta! Waƙar nan da na tura wa matata Bilkisu, wa kike zaton ya rubuta? Zainul ɗinki, saurayin naki! Kaf abokan aikinmu na Jebel Ali shi yake tsara wa baiti, su tura wa matansu gida. Ke kuma kina nan kina ɓoye naki kamar zinare!"

"Yaya, ai nawa daban ne..."

"Daban a ina? Suna kawai yake canjawa. Na gaya wa Umma, ta ce maganar aure khalas, ta ƙare!"

Kai, namiji! Shi ya je da ƙafarsa ya roƙi baitin, yau kuma shi ne mai kai ƙara.

Don takaici ko duba waƙar Mahfuza ba ta yi ba, ba ta kuma yi wa Umma musu ba. Ta daina ɗaga wayar Zainul. Wata biyu cur, ta tafi kantin maganin da take aiki a jirgin ƙasa na metro, ta dawo a metro, cikin dubban mutane babu mai kiran sunanta. Wallahi kaɗaici ya ci ta. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne shekara biyun da ta yi tana haddace kalaman da ashe kowa ma ana yi masa.

Ran nan da la'asar, ta dawo aiki ke nan, Bilkisu ta kira daga Kano.

"Mahfuza, ki ji tsoron Allah, yayanki budurwa gare shi a Dubai?"

"Subhanallahi! Anti, me ya faru?"

"Waƙar nan da ya turo min mana, yau na sake karanta ta a tsanake! Wai wushiryata ta hana shi sukuni — ni ina na ga wushirya? Wai kullum yana hango ni a bakin tashar jirgi ta Al Rigga da farar rigar aiki — ni da ko fasfo ba ni da shi! Wace ce wannan?"

Mahfuza ta dubi farar rigar jikinta. Ta dubi madubi. Dariya ta ƙwace mata har wushiryarta ta fito, hawaye kuwa sharkaf. Ashe Zainul bawan Allah ko aikin wani aka ba shi, ita kaɗai yake gani!

"Anti, kwantar da hankalinki. Ni ce."

Bilkisu da kanta ta kai wa Umma waƙar, aka karanta, aka sa ranar auren Mahfuza da Zainul. Da Mahfuza ta biye wa zuciya ta yi wa uwa tsaye, da ba ta ga wannan rana cikin albarka ba. Haƙurinta ne ya bar gaskiya ta fito da kanta.

Bilkisu kuwa saƙo ɗaya ta bayar: "Ki ce wa yayanki ya rubuto min da hannunsa, ko layi ɗaya ne. Ni ma ina son a gan ni."