Sallama a Tsohuwar Masaƙa

Ana gobe walima, ni da abokin sana'ata Muntari muka kai kayan sauti wata masaƙa da aka rufe a Challawa, inda wani Alhaji ya ari zaurenta. Kunnena ne jarina, da shi nake ciyar da gida. Muntari kuwa na daɗe ina zarginsa da son ture ni.

Da magariba ya fita alwala. Na tayar da janareta, na jona mikisa, na'urar haɗa sauti, na gwada makirfo yadda kowa ke yi.

"Salamu alaikum, salamu alaikum."

Sai layi na huɗu na mikisar ya kama gurnani, 'yar fitilarsa na tsalle. Na ce lallai Muntari ya taɓa min waya. Na sauya waya, na rage murya, na zare layukan ɗaya bayan ɗaya. Gurnanin na nan. Da na sa abin ji a kunne sai na gane ƙarar injinan saƙa ce, ga warin rini ya cika zauren.

Wata murya ta ce a hankali, "Wa alaikumus salam."

Haushi ya kama ni. Na tabbata ya laɓe da makirfo marar waya. "Muntari, ba na son iskanci!"

Na laluba aljihuna. Makirfo marar wayar na ciki, babu ko batir.

Na kashe janareta.

Fitilar layi na huɗu ba ta mutu ba.

"Bawan Allah, mun amsa," in ji muryar, a kunnena na hagu. "Shigo mana."

Ƙafafuna suka kama tafiya da kansu zuwa wata ƙofa a ƙuryar zauren. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Ƙofar ta fara buɗewa.

Aka fizge abin jin daga kaina. Muntari ne, hannunsa jiƙe da ruwan alwala.

"Labaran, kar ka waiga," ya raɗa min, ya ja ni waje yana ta'awizi.

Tun daga ranar kunnena na hagu bai ƙara jin maganar ɗan Adam ba, sai injinan nan duk magariba. Yanzu Muntari ke saurara min a asirce, ni ina murɗa mikisa, bai taɓa faɗa wa kowa ba. In zan gwada makirfo, ƙwanƙwasa shi nake da yatsa.